Karatu a Cikin Mota: Saɓanin da ke Tsakanin Ido da Kunne

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Dakko ko Bakura ko Maradun zuwa Talatar Mafara, ko kuma daga Mafara zuwa Gusau ko Sakkwato, ya san cewa tafiya tana cin lokaci ta fuska biyu. Da farko akwai zaman jiran mota ta cika a tasha, sa'an nan akwai zaman cikin motar har a isa inda aka nufa. Ɗalibai da malamai suna cikin waɗanda suka fi kowa yin wannan zirga-zirga, tun da yankin yana da makarantun sakandare da dama, ga kwalejin koyon aikin gona a Bakura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talatar Mafara.

Idan ɗalibi yana ɓata rabin awa a hanya da safe, rabin awa da yamma, kwana biyar a mako, ya tara awa 5 ke nan. A cikin mako 36 na karatu, lissafin zai kai awa 180, wato fiye da kwana bakwai cur, dare da rana. Wannan dukiya ce babba, kuma hanya mafi sauƙi ta cin moriyarta ita ce buɗe littafi. To amma a nan matsala take. Sau da yawa akan ga ɗalibai biyu a kujera ɗaya, ɗaya yana karatu hankali kwance har a sauka, ɗayan kuwa ko shafi biyu bai kammala ba sai gumi ya karyo masa, miyau ya taru a bakinsa, kansa ya yi nauyi, zuciyarsa ta fara tashi. Wasu sukan ɗauka ciwon ido ne, wasu su ce raki ne, wasu ma su danganta abin da iska. Da yawa daga cikinsu sukan haƙura da karatun hanya gaba ɗaya.

Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa a jikin mai karatu a cikin mota, da dalilin da ya sa abin yake kama wani ya bar wani, da kuma yadda ɗalibi zai amfana da lokacin tafiya ba tare da ya wahalar da kansa ba.

Tsohuwar Abota Tsakanin Littafi da Tafiya

Karatu a kan hanya ya bunƙasa ne tare da jirgin ƙasa. A shekarar 1848 kamfanin W H Smith ya buɗe rumfar sayar da littattafai da jaridu a tashar jirgin ƙasa ta Yustan da ke Landan, kuma kafin a jima irin waɗannan rumfuna suka bazu a tashoshin Ingila. A 1935 kamfanin Penguin ya fara fitar da ƙananan littattafai masu taushin bango da arha, waɗanda matafiyi zai iya sakawa a aljihu. A ƙasar Hausa, layin dogo daga Zariya ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Bayan 'yan shekaru, sakamakon gasar rubutu ta 1933, aka buga littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Daga shekarun 1980 kuma ƙananan littattafan ƙagaggun labarai na Kano suka shiga kasuwanni da tashoshin mota, suka zama abokan tafiyar mata da matasa.

Abin lura shi ne, jirgin ƙasa yana tafiya ne a kan miƙaƙƙen layi, ba ya yawan tsayawa ko karya kwana, don haka karatu a cikinsa bai cika damun mutane ba. Mota kuwa, musamman a kan hanya mai gargada, labarinta daban ne. Kafin a gane dalili, sai an san yadda ido yake karatu.

Yadda Ido ke Karatu

Mai karatu yana jin kamar idonsa yana zamewa ne a hankali a kan layi, daga farko zuwa ƙarshe. Gaskiyar al'amari ita ce ido tsalle yake yi. A wajajen 1878 aka gano haka a ɗakin binciken wani likitan ido ɗan ƙasar Faransa mai suna Luwi Emil Jabal. Ido yakan tsaya a wuri ɗaya na kimanin rubu'in daƙiƙa, ya ɗauki hoton haruffan da ke wurin, sa'an nan ya yi wuf ya tsallaka haruffa bakwai zuwa tara, ya sake tsayawa. Ke nan a kowace daƙiƙa ido yana yin tsalle uku ko huɗu, kuma a lokacin tsayuwa kaɗai yake ɗauko bayani.

Dalilin wannan tsalle-tsalle yana cikin ginin idon. A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske. A tsakiyar tantanin akwai ɗan gurbi ƙarami inda ƙwayoyin halitta masu tantance siffa da launi suka fi cunkushewa. Da wannan ɗan gurbi kaɗai ake ganin abu sarai. Faɗin abin da yake iya ɗauka a lokaci guda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙa hannunsa gaba. Saboda haka, domin a karanta kalma, dole hotonta ya sauka daidai a kan wannan gurbi, ya kuma tsaya cik na ɗan lokaci. Da zarar hoton ya zame, sai haruffa su dushe, ido ya koma neman inda ya tsaya.

To ta yaya hoto yake tsayawa cik alhali kan mutum ba ya daina motsi? Amsar tana cikin kunne.

Ma'aunin da ke Can Cikin Kunne

Yawancin mutane sun san kunne da aikin ji kawai. Amma can ciki, bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wata 'yar na'ura da girmanta bai wuce kan ɗan yatsa ba, wadda aikinta shi ne auna motsin kai. Kowane kunne yana da guda, kuma tana da sassa biyu.

Sashe na farko lanƙwasassun bututai ne guda uku, kowanne cike da ruwa. An jera su ta fuskoki uku kamar yadda bango biyu da daɓe suke haɗuwa a kusurwar ɗaki, ta yadda duk inda kai ya juya, ko girgizawa ce ta "a'a", ko gyaɗawa ce ta "i", ko karkatawa zuwa kafaɗa, aƙalla ɗaya daga cikinsu zai ji. Mai karatu zai iya gwada abin da ke faruwa da ƙwarya cike da ruwa. Idan aka juya ƙwaryar da sauri, ruwan ba ya binta nan take, yakan ɗan yi jinkiri. Haka ruwan cikin bututan yake yi idan kai ya juya. A gindin kowane bututu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kuma jinkirin ruwan yana lanƙwasa wannan gashi, kamar yadda ruwa ke kwantar da ciyawa a magudanan noman rani na Bakalori. Lanƙwasawar gashin ita ke haifar da saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa, cewa kai ya juya ta gefe kaza da sauri kaza.

Sashe na biyu 'yan jakunkuna ne guda biyu. A cikinsu ma akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, sai dai a nan an ɗora musu wani abu mai kauri kamar dalayi, a kansa kuma an barbaɗa ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani. Sinadarin waɗannan tsakuwoyi iri ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, da na dutsen da ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Da yake tsakuwoyin suna da nauyi, idan mota ta tashi da ƙarfi sai su ja baya, idan direba ya taka birki su zame gaba, idan taya ta faɗa rami su danna ƙasa. Ta haka ƙwaƙwalwa take sanin tashi da tsayuwa, da hawa da sauka, da kuma inda ƙasa take ko da ido a rufe.

An daɗe kafin a gane aikin wannan na'ura. A shekarun 1820 wani masani ɗan Faransa, Fiyer Fuloran, ya lura cewa tantabarar da aka yanke wa ɗaya daga cikin bututan nan tana ci gaba da ji, amma ba ta iya riƙe kanta daidai. Daga baya Robat Barani na ƙasar Ostiriya ya sami lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe na kunne.

Haɗin Kan Kunne da Ido

Tsakanin ma'aunin cikin kunne da tsokoki shida da ke juya kowace ƙwayar ido akwai gajeriyar hanyar jijiya. Idan kai ya juya dama, saƙo yakan tashi daga kunne ya juya ido hagu daidai gwargwado, cikin kimanin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Wannan yana daga cikin martani mafi sauri a jikin ɗan Adam, kuma yana faruwa ba da sanin mutum ba.

Ga gwaji mai sauƙi da malami zai iya yi da ɗalibansa a cikin aji. Ɗalibi ya riƙe littafi a gabansa, ya rinƙa girgiza kai hagu da dama da sauri yana karatu. Zai ga haruffan suna nan daram. Sa'an nan ya tsai da kansa, ya rinƙa girgiza littafin da irin wannan sauri. Nan take rubutun zai dagule. A gwajin farko kunne ya ji motsi ya taimaki ido. A na biyu kunne bai ji kome ba, an bar ido shi kaɗai yana bin littafin, kuma ido ba shi da saurin da zai iya hakan.

Muhimmancin wannan haɗin kai ya fito fili a wani rahoto da wani likita ya buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1952, game da abin da ya same shi. An yi masa allurar sitireftomaisin na tsawon lokaci, maganin ya lalata ma'aunin cikin kunnuwansa biyu. Daga nan ko bugun zuciyarsa yana isa ya girgiza haruffa a gabansa, har ta kai sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafan gadon asibiti kafin ya iya karatu. Magungunan wannan dangi, har da jentamaisin, suna ceton rai idan likita ya ba da su bisa ƙa'ida, amma wannan labari ya isa gargaɗi ga masu karɓar allura barkatai a hannun wanda bai san aikin ba.

Inda Saɓani ke Tasowa

A rayuwar yau da kullum, ido da kunne da gaɓoɓin jiki suna kai wa ƙwaƙwalwa labari iri ɗaya. Mai tafiya a ƙasa daga gida zuwa gona, idonsa yana ganin itatuwa suna wucewa, kunnensa yana jin motsi, ƙafafunsa suna jin taku. Shaidu uku sun yi ittifaƙi, ƙwaƙwalwa ta gamsu.

Yanzu a dubi ɗalibin da ke kujerar baya a motar da ta tashi daga Mafara zuwa Gusau, ya sunkuyar da kai a kan littafi. Abin da idonsa yake gani shi ne shafi da cinyarsa da bayan kujerar gaba, kuma dukansu suna tafiya tare da shi, don haka ido yana shaida cewa a zaune ake wuri ɗaya. Kunne kuwa yana jin kowace kwana da kowane birki da kowane rami, yana shaida cewa ana ta juyi da girgiza. Daɗin daɗawa, martanin da aka bayyana a sama yana komawa cikas, domin idan mota ta karya kwana kunne yakan umarci ido ya juya, alhali littafin yana juyawa tare da kai, sai ƙwaƙwalwa ta rinƙa danne umarnin a kowane lokaci. Wannan saɓani tsakanin abin da gaɓoɓi suke faɗa da abin da ƙwaƙwalwa ta saba tsammani shi ne bayanin da mafi yawan masana suka amince da shi game da jirin tafiya. Masana biyu 'yan Ingila, Rizin da Burand, su ne suka shimfiɗa shi dalla-dalla a littafinsu na 1975.

Akwai hujja mai ƙarfi cewa kunne ne tushen abin. A 1882 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Wiliyam Jemis, ya tattara bayanai a kan kurame 519, ya tarar 186 daga cikinsu ba sa jin jiri ko an juya su. Daga 1958 zuwa 1968 kuma, rundunar sojan ruwa da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka yi aiki da wasu kurame 11 daga Kwalejin Galodet ta birnin Washintan. Kusan dukansu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. An juya su a ɗakuna masu juyawa, an ɗauke su a jirgin ruwa cikin teku mai hauka, suna zaune suna wasan karta yayin da masu binciken kansu suke ta amai. A ɗaya ɓangaren, makafi suna kamuwa da jirin tafiya. Ke nan ana iya kamuwa ba tare da ido ba, amma ba a kamuwa sai da ma'aunin kunne mai aiki. Ɗalibin da karatu a mota ke tayar wa zuciya, alama ce ta cewa ma'auninsa yana aiki.

Ba kowane motsi ne ke kawo jiri daidai da wani ba. Binciken da Ohanlan da Makoli suka buga a 1974 ya nuna cewa motsi mai lilo a hankali, wanda ke maimaituwa kamar sau ɗaya a cikin daƙiƙa biyar zuwa shida, shi ya fi tayar da zuciya. Irinsa ake samu a jirgin ruwa, da kuma a motar da direbanta ke ta kauce wa ramuka, yana taka totur yana taka birki. Jijjiga mai sauri ta hanyar burji tana hana ido ganin haruffa, amma lilon ne ya fi kai wa ga amai.

Me Ya Haɗa Kunne da Ciki?

Mai karatu zai iya tambaya, idan ido da kunne sun saɓa, mene ne laifin ciki da za a juye abin da ke cikinsa? A gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da lakar baya, akwai cibiyoyin da ke sarrafa amai, kuma jijiyoyin ma'aunin kunne suna da hanyar isa gare su. A 1977 wani masani mai suna Mishel Tiresman ya kawo wani bayani a mujallar kimiyya ta Science. A ganinsa, kafin zuwan jirage da motoci, abin da ya fi rikita saƙonnin ido da kunne shi ne guba, kamar idan dabba ta ci wani ganye ko ruɓaɓɓen abinci. Saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta ga saƙonni sun rikice, sai ta ɗauka an ci guba, ta yi gaggawar fitar da ita. Wannan hasashe ne, masana suna ci gaba da muhawara a kansa, amma ya dace da abin da ake gani cewa karnuka da kyanwoyi, har ma da kifin da ake jigilarsa a cikin tanki, suna nuna alamun wannan larura.

Alamun sukan zo bi da bi. Da farko hamma da kasala, sai taruwar miyau da sanyin gumi da nauyin kai, sai tashin zuciya, daga ƙarshe amai. Sanin wannan jeri yana da amfani, domin wanda ya rufe littafi tun a matakin hamma yakan warware cikin 'yan mintoci, amma wanda ya daure har zuciya ta tashi yana iya wuni da kasala ko bayan an sauka.

Me Ya Sa Yake Kama Wani Ya Bar Wani?

Kusan duk mai lafiyayyen kunne zai kamu idan motsi ya yi tsanani, amma kimanin mutum ɗaya cikin uku ne ke kamuwa da sauƙi. Jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 ba su cika kamuwa ba. Abin ya fi tsanani tsakanin shekara 6 zuwa 12, sa'an nan yakan ragu yayin da ake girma. Mata sun fi maza kamuwa, musamman masu juna biyu, haka ma masu fama da ciwon ɓarin kai. Gado ma yana da hannu: wani bincike da aka buga a 2015 a kan mutane fiye da 80,000 ya gano wurare 35 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da wannan larura, wasunsu suna da nasaba da ginin ido da kunne.

Jarumtaka ba ta hana shi. Masanin halittu Cals Dawin ya sha fama da amai a tsawon tafiyarsa ta jirgin ruwa daga 1831 zuwa 1836. German Titob, ɗan sama-jannatin Tarayyar Sobiyet, ya kamu da shi a sararin samaniya a 1961, kuma tun daga lokacin fiye da rabin 'yan sama-jannati suna ɗanɗana shi a kwanakinsu na farko. Sai dai ƙwaƙwalwa tana koyo. Matuƙan jirgin ruwa da 'yan sama-jannati sukan saba cikin kwana biyu zuwa uku, kamar yadda yaron mota yake sabawa da hanyarsa.

Direba kuwa da wuya ya kamu, ko da a kan mafi munin hanya. Wani gwaji da Rolnik da Lubo suka buga a 1991 ya sa mutane biyu-biyu a na'ura ɗaya mai juyawa, ɗaya yana sarrafa ta, ɗayan yana zaune kawai. Motsi iri ɗaya suka sha, amma masu sarrafawa sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Dalili shi ne direba ya san kwana tana zuwa kafin ta zo, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta shirya. Mai karatu a kujerar baya shi ne kishiyar direba, domin kowane motsi bazata ne a gare shi.

Yadda Ɗalibi Zai Ci Moriyar Hanya

Da farko ya kamata a kawar da wani tsoro. Karatu a mota yana gajiyar da tsokokin ido, yana iya kawo ciwon kai na ɗan lokaci, amma ba ya lalata ido. Abin da ake bukata shi ne a raba lokacin tafiya gida uku, a ba kowane kashi irin karatun da ya dace da shi.

Kashi na farko shi ne zaman tasha. Motar da ke jiran fasinja ba ta motsi, don haka babu saɓani. Wannan shi ne lokacin karatu mai nauyi, kamar lissafi da zane-zanen ilmin halittu da duk abin da ke da ƙananan haruffa. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya haɗa sakamakon bincike 190, ya nuna cewa baligi yana karanta kimanin kalma 238 a minti ɗaya a rubutun Ingilishi. Ko da ɗalibi yana karanta 150 ne kawai, jiran minti 20 zai ba shi kalma 3,000, wato babi guda na ƙaramin littafi.

Kashi na biyu shi ne miƙaƙƙiyar kwalta mai kyau. Wanda ba ya saurin kamuwa zai iya karatu a nan, da sharuɗɗa. Ya nemi gidan gaba ko kusa da taga, ya fuskanci inda mota ta dosa. Ya jingina kansa domin rage motsinsa. Ya ɗaga littafin kusa da saitin ido maimakon ya ajiye shi a cinya, ta yadda gefen idonsa zai rinƙa ganin waje yana wucewa. Ya zaɓi littafi mai manyan haruffa, labari ko tarihi. Bayan kowane shafi ya ɗaga kai ya dubi nesa, can inda sama ta haɗu da ƙasa, domin ido da kunne su sake daidaita. Waya ba ta fi takarda sauƙi ba, tun da matsalar ɗaya ce, har ma a 2024 kamfanin Apple ya saka wa wayoyinsa wasu ɗigogi masu motsi a gefen allo da ke bin motsin mota domin rage wannan saɓani.

Kashi na uku shi ne hanya mai gargada da kwana-kwana. A nan sai a rufe littafi, a koma ga kunne da ƙwaƙwalwa. Ana iya sauraron karatun littafi ko darasi da aka naɗa a waya, ido yana kallon hanya. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 2019 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu fahimtar ma'ana suna aiki kusan iri ɗaya ko an karanta labari ko an saurare shi. Ana kuma iya yin bita da ka, wato mutum ya tambayi kansa abin da ya karanta a tasha, ya yi ƙoƙarin tunowa ba tare da duba littafi ba. A 2006 Rodiga da Kafiki suka nuna cewa ɗaliban da suka yi irin wannan bita sun fi tuna darasi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Makarantun allo sun daɗe da sanin haka, domin da tilawa ake riƙe hadda. Ɗalibai biyu da ke kujera ɗaya za su iya yi wa juna tambayoyi, su mai da gargadar hanya ajin bita.

Ban da waɗannan, yana da kyau a ci abinci mara nauyi kafin tafiya, a guji mai maiƙo da yawa, a kuma buɗe gilashi iska ta shiga, domin zafi da warin fetur suna ƙara tashin zuciya. Wasu suna samun sauƙi da tauna citta, ko da yake sakamakon bincike a kanta bai zo ɗaya ba. Akwai magunguna irin su hayosin da sinarizin da furometazin, waɗanda ake sha kafin a tashi, amma suna sa barci da bushewar baki, don haka mai son karatu ba zai amfana da su sosai ba, direba kuwa bai kamata ya kusance su ba. Kada a ba yaro ko mai juna biyu sai da shawarar likita.

Lokacin da Ya Kamata a Ga Likita

Jirin tafiya yana farawa da motsi, yana kuma gushewa bayan an sauka. Idan mutum yana jin juwa alhali yana zaune a gida, ko jirin ya zo tare da zazzaɓi, ko raguwar ji, ko ƙara a cikin kunne, ko ruwa yana fita daga kunne, wannan wata matsala ce daban da ke bukatar asibiti. Wanda haruffa suke dushe masa ko a ɗaki ne, ya je a auna idonsa, mai yiwuwa tabarau yake bukata. Haka kuma idan fasinjoji da yawa, har da direba, suka fara ciwon kai da jiri lokaci guda, a tuhumi hayaƙin salansa da ke kutsowa cikin mota. Iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. A tsaya a buɗe ƙofofi nan take.

Kammalawa

Jirin da ke kama mai karatu a mota sakamako ne na gaɓoɓi biyu masu lafiya da suke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto mabambanta, ido yana cewa a zaune ake, kunne yana cewa ana tafiya. Wanda ya fahimci haka ba zai zargi kansa da raki ba, ba zai kuma yi watsi da awa 180 da hanya take ci masa a shekara ba. Zai karanta da ido a tasha, ya saurara da kunne a kan gargada, ya yi bita da ka tsakanin gari da gari. Ga malaman kimiyya kuma, gwajin girgiza kai da girgiza littafi, da na ƙwarya da ruwa, ba sa bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko kayan aiki masu tsada. Ana iya yin su gobe da safe a kowane aji daga Dakko har Maradun, sa'an nan a bar wa ɗalibai aikin gida su lura da abin da jikinsu ke yi a hanyarsu ta komawa.